Uba Zai Yi Koyi da Ɗansa? Tsokaci a Kan Wasan Tebur da Wasan Intanet

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masu tsara wasanni a Amurka da Turai, wadda a ganinmu ta cancanci manazarcin adabi ya tsaya ya saurare ta, ko da kuwa bai taɓa zama an yi wasan da shi ba. Muhawarar ita ce, shin ya dace masu tsara wasan kwaikwayo na tebur su riƙa ɗebo dabaru daga wasannin kwamfuta da ake yi ta intanet, ko kuwa yin haka zubar da gado ne? Wanda ya jiyo tambayar daga nesa zai ɗauka zancen yara ne. Amma da muka bi diddiginta sai muka tarar da wata tsohuwar tambaya kwance a ƙarƙashinta, wato tsakanin rubutacciyar ƙa'ida da mutum mai hankali da ke zaune a wurin, wa ya fi cancanta a damƙa wa amanar hukunci.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da wasan kwaikwayo na tebur, domin ba irin wanda ake yi a dandamali ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora. Shi zai buɗe labari, ya ce ga ku nan a ƙofar wani gari, magariba ta yi, an rufe ƙofa, mai gadi ya hana ku shiga. Sauran kuwa kowa ya shiga rigar wani tauraro, wannan jarumi, wancan matsafi, waccan ɓarauniya. Kowa zai faɗi abin da tauraronsa zai aikata. Idan aikin yana da haɗari sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai wata ƙwayar fuskarta 20, lambar da ta fito ita ke nuna ko an dace. Daga nan jagora ya faɗi abin da ya biyo baya. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi jagoran. Wanda ya tashi da tatsuniya zai gane wani ɓangare na abin. Bambancin shi ne a nan masu sauraro su ne Gizo da Ƙoƙi, kuma ba su haddace abin da za su faɗa ba.

Wasan da ya kafa wannan fanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. 'Yan littattafai uku ne a cikin kwali, kwafi 1,000 aka fara bugawa. Ƙa'idojinsa cike suke da giɓi, don haka kowane tebur ya riƙa cike nasa da kansa. A cikin waɗannan littattafai, sunan da aka ba jagora shi ne alƙalin wasa. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan suna, domin a kansa maganarmu za ta tsaya.

Abin da masu kukan an ɓata musu wasa sukan manta shi ne, wasan kwamfuta irin wannan ɗan cikin wasan tebur ne. Will Crowther, wanda ya rubuta wasan kogo mai suna Adventure wajen 1976, ɗan wasan Dungeons & Dragons ne. A 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, ya fara rubuta MUD, Richard Bartle ya ɗora a kai, wato wasan da mutane da yawa ke shiga duniya ɗaya ta hanyar na'ura. Daga nan zuri'a ta yaɗu. Aka sami Ultima Online a 1997, da EverQuest a 1999, sannan World of Warcraft na kamfanin Blizzard a 2004, wanda a 2010 masu biyan kuɗinsa suka kai miliyan 12. Makin rai da ke raguwa idan an sare ka, da makin ƙwarewa da ke taruwa har ka hau mataki na gaba, da rarraba taurari zuwa jarumi da matsafi da mai warkarwa, duk daga tebur aka kwashe su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke nan tambayar ta sauya kama. Ɗa ne ya tafi birni ya yi arziki ya dawo da tsaraba, ana so a san wadda uba zai karɓa da wadda zai ce a bar ta a zaure.

A 2008 ne aka gwada karɓar tsarabar da hannu biyu. A wannan shekara kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, shi ma Hasbro ya saye shi a 1999, ya fitar da bugu na huɗu na Dungeons & Dragons, wanda Rob Heinsoo da Andy Collins da James Wyatt suka jagoranci tsara shi. An kasa taurari zuwa ayyuka huɗu a fagen fama: mai tsare 'yan'uwa, da mai kai mummunan sara, da mai ƙarfafa rauninsu, da mai dagula sahun maƙiya. Kowane tauraro aka ba shi jerin dabaru masu suna, wata yana yin ta duk lokacin da ya so, wata sau ɗaya a kowace arangama, wata sau ɗaya a yini. Nisa kuma aka riƙa auna shi da gidaje a kan allo, kamar na dara. Nan take tsofaffin 'yan wasa suka ce an kwaso musu World of Warcraft an zuba a takarda. Wani kamfani mai suna Paizo ya ɗauki ƙa'idojin bugu na uku ya gyara su ya fitar da Pathfinder a 2009, kuma daga 2011 ƙididdigar shagunan wasa ta riƙa nuna shi a gaban uwar gijiyarsa. A 2014 Wizards ya fitar da bugu na biyar, wanda ya janye daga yawancin wannan tsari.

Adalci ya sa mu ce rabin wannan zargi ba shi da tushe. Tun a 1974 jarumi ke tsayawa gaba matsafi na laɓe a bayansa, kuma tun a lokacin tsafin da matsafi ya yi yau ba ya maimaita shi sai gobe. Abin da ake cewa an aro daga na'ura, wani kayan gidan ne ya dawo da sabon fenti. Amma ɗaya rabin yana da ƙamshin gaskiya, kuma don a gane shi sai mun leƙa yadda dodo ke tunani a cikin kwamfuta.

Dodon wasan intanet ba ya tunani. Babu mutum a bayansa, lissafi ne kawai. To yaya za a yi ya san wanda zai kai wa hari idan mutum biyar suka taso masa? Masu tsarawa suka ba shi abin da za mu kira ma'aunin fushi. Duk wanda ya sare shi, ko ya warkar da wanda yake sara, makinsa na hawa a wannan ma'auni, dodo kuwa wanda ya fi maki yake bi. Sai aka ba jarumi mai sulke dabarar tsokana, wadda da ya danna ta zai haye saman ma'aunin, dodo ya bar matsafi mai rauni ya juyo kansa. Dabara ce mai kyau, amma a lura da abin da ya haife ta. Sanda ce da aka sassaƙa wa gurgu. An ƙirƙire ta domin babu alƙali a wurin da zai ce wannan dodo mayunwaci ne zai bi mai ƙiba, wancan matsoraci ne zai gudu da ya ga jini, wancan kuwa uwa ce tana kare 'ya'yanta. A tebur akwai mai faɗin haka. To me zai sa mai ƙafa biyu lafiyayyu ya ɗauki sandar gurgu?

Masu tsara bugu na huɗu sun san wannan, don haka ba su kwafi ma'aunin fushi kai tsaye ba. Abin da suka yi shi ne, jarumi ya ɗora wa maƙiyi alama, idan maƙiyin ya bar shi ya kai wa wani hari a rage masa maki 2, jarumin kuma ya sami damar kai masa sara. Zaɓi yana nan a hannun jagora. Duk da haka wani abu ya sauya, kuma shi ne abin da ya fi damunmu a matsayinmu na masu nazarin labari, wato jerin abin da ke zuwa farko. A tsohon salo ɗan wasa zai ce, zan watsa masa ƙasa a ido in ruga ta bayansa, sai alƙali ya nemo ƙa'idar da ta dace ko ya ƙago ta nan take. Labari ne gaba, ƙa'ida na biye. A sabon salo ɗan wasa zai duba takardarsa ya zaɓi dabara mai suna, sannan in ya ga dama ya ƙago labarin da zai bayyana ta. Idan aka tambaye shi me ya sa jarumin da ya iya wani sara da safe ya kasa maimaita shi da la'asar, alhali ba tsafi ba ne kuma bai gaji ba, amsar ba ta cikin duniyar labarin. Tana cikin littafi. Sannu a hankali idanu suka bar fuskar jagora suka koma kan takarda, abin da ba a rubuta ba ya zama kamar ba zai yiwu ba. Wannan kuwa ita ce ainihin dokar na'ura: duk ƙofar da mai tsarawa bai yi mata maɓalli ba, bango ce.

Wannan ja-in-ja ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyan sojin Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, wani wasan horar da hafsoshi mai suna Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Ana yin sa a kan taswira, da ƙwayoyin jefawa da jadawalai, da alƙali a tsakani. Ƙa'idojin suka yi ta ƙaruwa har wasan ya yi nauyi, ana ɓata lokaci wajen lissafi fiye da wajen tunanin yaƙi. A 1876 Julius von Verdy du Vernois ya fito da wani salo da ya ture jadawalan gefe, ya ce a samo gogaggen hafsa ya yanke hukunci da saninsa. Wasan ya yi sauri, ya kuma yi kama da gaskiya, amma fa sai idan alƙalin nagari ne. Daga zuri'ar waɗannan wasannin yaƙi ne Gygax da Arneson suka fito, da alƙalinsu da kuma rigimar da ke tattare da shi.

A nan ne ya wajaba mu ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin hujjarsa hujja ce ta ɗa'a, ba ta son sauƙi kawai ba. Alƙali mutum ne. Akwai jagoran da ke fifita abokinsa, akwai wanda ke huce haushin gida a kan 'yan wasa, akwai wanda ya riga ya tsara ƙarshen labarinsa, duk abin da ka yi sai ya karkato da kai can. Idan hukunci duk yana bakinsa, mai kaifin baki ne zai riƙa cin riba, mai kunya da baƙo su tashi a tutar babu. Rubutacciyar ƙa'ida garkuwar mai rauni ce. Wanda bai iya gardama ba zai iya nuna shafi ya ce ga abin da aka rubuta. Haka kuma a bugu na uku an sha kukan cewa da zarar an hau manyan matakai matsafi kan mamaye wasa, jarumi ya koma ɗan rakiya, wato mutum ya ba da yammacinsa guda ya zauna yana kallon wani yana jin daɗi. Masu tsara wasan intanet ba su da damar kau da kai daga irin wannan, domin miliyoyin mutane na gwada lissafinsu dare da rana, ko wane ɗan rinjaye sai an gano shi an gyara. Wannan horo na daidaita rabo, da rubuta ƙa'ida a fili yadda ba za ta ɗauki fassara biyu ba, da koya wa baƙo wasa yana cikin yinsa, tsaraba ce da uba zai karɓa ya yi godiya. Hatta masu sukar bugu na huɗu da yawa sun yarda cewa ya sauƙaƙa wa jagora shirin arangama.

Sai dai akwai wata tsarabar da muke ganin ko zaure bai kamata ta kwana ba. World of Warcraft ya ginu ne a kan kuɗin wata, kimanin dala 15, don haka ribar kamfani tana ga dawowarka, ko ka ji daɗi ko ba ka ji ba. Daga nan aka sami ayyukan maimaici, je ka kashe kyarkeci goma ka dawo, da lada mai zuwa ba zato kamar na caca, da matakin da kullum saura kaɗan ka kai. Bugu na huɗu ma ya zo da nasa tsarin biyan kuɗin wata mai suna D&D Insider, har da alkawarin wani tebur na cikin kwamfuta da bai fito yadda aka tallata shi ba. Wasan tebur yana da wata ni'ima da ba a cika ambata ba, wato yana ƙarewa. Shayi ya huce, dare ya yi, wani zai kama hanya. Wasan da aka tsara don kada mutum ya iya tashi ya riga ya ɗauki ɗan wasa a matsayin gona, kuma ba mu ga abin da taron abokai zai ƙaru da shi daga wannan ilimi ba.

Mu da muka karanta muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 a kan littattafan soyayya na Kano da finafinan Indiya, wannan zance bai zame mana baƙo ba. A can ma tawada mai yawa ta ƙare a kan ko a ara ko kada a ara, alhali marubutan sun riga sun ara, abin dubawa shi ne me suka ɗauko kuma me suka yi da shi. Misalin aro mai kyau a fagen da muke magana shi ne Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017. Mai shi bai ɓoye ba cewa wasannin kwamfuta irin su Thief da Dishonored suna cikin abin da ya tsima shi. Ya ɗauko duhun birninsu da rayuwar ɓarayinsu da fargabar shiga gidan da ba naka ba. Amma da ya zo ƙa'ida sai ya gina ta a kan zance. Kafin a jefa ƙwaya, jagora da 'yan wasa za su tattauna girman haɗarin da kuma abin da za a samu idan an dace. Har ma ɗan wasa yana iya cewa, ai tun jiya na ba mai gadin nan toshiyar baki, a koma baya a buga wannan fage. Abin da na'ura ta iya nunawa ya ɗauka, ya mayar da shi abin da baki kaɗai ke iya yi.

Za a iya ce mana wannan hujja ta kusa tsufa. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023 bisa ƙa'idojin bugu na biyar, ya ba 'yan wasa zaɓi mai yawan da ya ba mutane mamaki. To amma kowane zaɓi a ciki wani ne ya hango shi ya rubuta tun kafin ka zo. Ƙalubalen da ya fi wannan ƙarfi shi ne na'urorin ƙirƙirarriyar basira na yanzu, waɗanda za ka ce musu zan watsa masa ƙasa a ido su ba ka amsa nan take, ba tare da kowa ya rubuta ta a gaba ba. Idan na'ura ta iya ƙago hukunci, me ya rage wa alƙalin tebur? A ganinmu abin da ya rage shi ne abin da tun farko ya fi muhimmanci, wato alƙalin tebur yana da abin da zai rasa. Idan ya yi son kai za a gani a fuskarsa, za a faɗa masa, mako mai zuwa wataƙila kujeru su zama wayam. Hukuncinsa yana da nauyi domin shi ma yana ƙarƙashin hukuncin waɗanda yake yi wa. Su kuma 'yan wasa suna koyon abin da ba a koyo a gaban allo: yadda za ka yi jayayya da mai iko ba tare da ka watsa taro ba, da yadda za ka haƙura da hukuncin da bai yi maka daɗi ba domin ka yarda da mai yin sa.

Mun taɓa gwada wannan wasa da wasu ɗalibanmu huɗu bayan darasin ƙagaggen labari, mu ne jagora, da wannan fage na ƙofar gari da mai gadi. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya ƙware a wasannin intanet, ya duba takardarsa ya ce zai haura ganuwa. Muka ce ya jefa ƙwaya. Ya jefa, ta ba shi 4, muka ce ya zamo ya faɗo ya gurɗe. Sai wata ɗaliba da ba ta ce uffan ba tun da aka fara ta ɗago kai ta ce, "Malam, ni zan tambayi mai gadin ko ya ci abinci, don na ga tun safe yake tsaye. Akwai ƙosai a jakata." Abin ya burge mu ƙwarai, domin mu da kanmu ba mu taɓa tunanin mai gadin yana da ciki ba. Nan take muka ce ya karɓa, ya yi godiya, ya buɗe mata ƙaramar ƙofa.

Mai gurɗewa ya ajiye fensirinsa. "Allah ya gafarta Malam, ni an sa na jefa ƙwaya, ita ba a sa ta ba. Kuma babu ƙosai a takardarta, na duba."

Muka ce ai dabararta ta fi tasa hikima. Ya ce bai musa ba, amma in hikima ce ke buɗe ƙofa, to a faɗa tun farko, shi ma yana da ita, ya ɗauka lamba ake bi. Sauran biyun suka goyi bayansa a kan ƙwaya, suka goyi bayanta a kan ƙosai, wai matafiyi ba ya rasa guzuri ko ba a rubuta ba. Muka yi shiru na ɗan lokaci, domin yaron ya fi mu gaskiya, kuma a gaban ɗalibai ne. Daga bisani muka janye hukuncin, muka ce ƙosai ya zauna, amma ta jefa ƙwaya, in ta sami 8 ko fiye mai gadi zai karɓa. Ta jefa, ta sami 6. Muka ce mai gadi ya dubi ƙosan ya haɗiyi yawu, ya ce yana azumin ramuwa. Ta yi dariya ta ce to ai magariba ta yi, Malam da bakinsa ya faɗa, ta miƙo hannu a ba ta ƙwayar ta sake jefawa.